Telan da Yake Fara Gajiya

Akwai wani mutum, maƙeri ne, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Dogo ne ƙaƙƙarfa, irin mutanen da in sun ba ka hannu a ƙofar majami'a sai ka yi ta duba yatsunka har ka isa gida. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Yana tsoron Allah, ba ya fashin sujada, fartanyar da ya ƙera kuwa sai dai mai ita ya gaji da ita. Abu ɗaya ne da shi: bai taɓa yarda a ga kasawarsa ba.

A zamanin nan mazan ikilisiyar ƙauyen suna da wata al'ada. Wanda ya kawo ta wani dattijo ne, Baba Istifanus, tsohon soja. Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya lura cewa da zarar an gama girbi maza ba su da abin yi sai zaman gindin mangwaro da tara tumbi, kuma ba wanda ya san abin da ke damun ɗan'uwansa. Sai ya sa aka jawo gungumen wata giginya da iska ta kayar, aka ajiye shi bayan majami'a. Kowace Asabar da sassafe yakan busa usur, maza su fito, wasu suna murza ido, wasu matansu ne ma suka turo su. A zagaya fili da gudu, a yi tsalle-tsalle har gumi ya karyo. Sa'an nan mutum goma sha biyu su jeru bisa ga tsayi, dogaye a gaba, gajeru a baya, su sa kafaɗa su ɗauki gungumen, su kama hawan dutse suna waƙar yabo.

Baba Istifanus ya kafa doka guda ɗaya tak. Ba a sauke gungume a hanya sai wani ya buɗe baki ya ce, "Na gaji," da ƙarfi, yadda kowa zai ji. In an faɗa, sai a sauke, a zauna a kansa a jere, gorar ruwa ta zagaya. Baba ya dubi wanda ya yi magana ya ce, "Kafaɗa ce kawai, ko da wani abu?" A nan ne maza suke faɗar abin da ko a ɗakinsu ba sa faɗa. Wani ɗansa ya fara shaye-shaye, wani gonarsa ta ƙi, wani ya yi wata uku ba ya magana da ƙanensa. A yi masa addu'a, a buga kafaɗarsa, a sake ɗauka. Kafin a kai bisa akan tsaya sau uku ko huɗu.

Kai, an yi zamani! Daga kan dutsen nan ana hango ƙauyen duka, hayaƙi yana tashi daga kowane gida, ana jin sautin turmi sama-sama. Maza su zube a kan fā, riguna sharkaf, ana dariya har da riƙe ciki. In sun sauko, mata sun dama kunun gyaɗa suna jira, suna yi musu tsiya cewa gungumen da ba ya dafa tuwo suke ɗauka, itacen girki kuwa sai an yi ta roƙo. Ban taɓa jin wanda ya ga kwanakin nan ya ba da labarinsu ba tare da ya yi ajiyar zuciya ba.

Maƙerin shi ne a kan gaba, don ya fi kowa tsawo. A can wutsiya kuwa akwai wani tela, Habila, gajere siriri, sa'an maƙerin ne, tare aka yi musu baftisma. Kusan kowace Asabar Habila ne yake fara cewa, "Na gaji." Har abin ya zama abin wasa. Akan ce allura kaɗai kafaɗarsa ta sani, shi kuma ya yi dariya ya ce ai allurar ce take rufa musu asiri ranar Lahadi. In Baba ya tambaye shi, yakan ce, "Kafaɗa ce kawai, Baba." Sai dattijon ya bi layin da kallo ya ce, "To, tun da mun zauna, ko akwai mai magana?" Da wuya a rasa.

Maƙerin kuwa shekara goma sha biyu yana ɗaukar gungumen nan, ko sau ɗaya kalmar ba ta fito daga bakinsa ba. Bai taɓa yin fahariya da wannan a fili ba, amma a zuciyarsa yana ƙirga shekarun, yana jin daɗinsu.

Da tsufa ya kama Baba Istifanus, gwiwa ta ƙi hawan dutse, sai ya kira maƙerin ya sa masa usur a hannu ya ce, "Ga mutanen nan, na bar maka amanarsu." Damina ba ta ƙare ba aka binne dattijon. Maƙerin ya yi alkawari a ransa cewa abin da Baba ya bari ba zai lalace a hannunsa ba, sai dai ya ƙara ƙarfi.

Asabar ta farko, ba a yi nisa ba, ko tsamiyar da ke farkon hawa ba a kai ba, sai aka ji muryar Habila daga baya: "Na gaji." Maƙerin bai ko waiwaya ba ya ce, "Haba Habila! Tun yanzu? Wanda ya san ba zai iya ba, ai gara ya zauna gida ya taya mata tsince wake." Aka kwashe da dariya. An sauke gungumen, gama doka ce, amma kafin gora ta gama zagayawa an busa usur.

Asabar ta biyu Habila bai ce komai ba. Sauran ma kowa ya cije, gama wa yake so a aike shi tsince wake? Ran nan suka kai gungumen har bisa ba su sauke ko sau ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba. Maƙerin ya yi murna ƙwarai, har ya ce da ma Baba yana da rai ya gani. Addu'ar ranar gajera ce, don kowa haki yake yi.

Haka aka ci gaba, kuma daga nan ne mutane suka fara zamewa. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya ce ya daina. Wannan ya aiko cewa bayansa yana ciwo, wancan ya ce yana da baƙi. Habila ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Sha biyu suka koma tara, tara suka koma shida, mutum shida kuwa ba sa iya hawa dutse da giginya. Wata Asabar maƙerin ya busa usur har sau uku, ba wanda ya fito. Ya tsaya shi kaɗai a fili har rana ta ɗaga, sa'an nan ya koma maƙera yana cewa mazan yanzu ragwaye ne.

Shekaru suka shige. Gara ba ta cin giginya, saboda haka gungumen yana nan inda aka bar shi, ciyawa ta kewaye shi, awaki suna hawa. Duk lokacin da maƙerin ya bi ta wurin sai zuciyarsa ta yi nauyi. Yakan tuna wa yake tsayawa bayan wa, da waƙar da suke yi a wurin da hawan ya fi tsanani. An ba shi amana ta watse a hannunsa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san inda ya yi kuskure ba.

Ana nan sai matarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsu Rifkatu tana aure a gari mai nisa. Shi yake ɗaga matar, shi yake yi mata wanka, shi yake hura wuta, ga maƙera tana jira. Shekara biyu yana haka. In an tambaye shi mai jiki a majami'a, sai ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah," ya yi gaba. Da yake bai taɓa neman taimako ba, mutane suka ɗauka ba ya bukata.

Wata rana ya ɗauki zanen Zumuntar Mata na matarsa ya kai wa Habila, don a mayar da shi riga mai faɗi wadda za ta yi sauƙin sawa. Ya tarar da shi a rumfarsa, kai ya yi fari, tabarau a kan hanci, yana taka keken ɗinki. Suka gaisa, hira ta kai su ga kwanakin dā. Maƙerin ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Kai dai Habila ka ba mu dariya. Kullum kai ne na farkon gajiya."

Habila ya ci gaba da ɗinki, ya ce, "Baban Rifkatu, kai kana gaba, hanya kake gani. Ni ina baya, ƙafafu nake gani. In na ga ƙafar mutum ta fara rawa, na kuma san bakinsa ba zai iya faɗa ba, sai in faɗa. Ni tela ne, ba mai sa ran ganin ƙarfi a wurina. Me zan rasa?"

Maƙerin ya ce, "Ranar nan fa, da ba mu kai tsamiya ba?"

"Filibus ne, wanda yake gabana. Matarsa ta tafi gidansu a makon nan. Ya zo da maganar a bakinsa, ya koma da ita."

Maƙerin ya yi ta juya zanen a hannunsa, sa'an nan ya yi tambayar da yake tsoro: "Ni fa?"

Habila ya cire tabarau ya dube shi. "Shekarar da kuka binne ɗanku namiji, Asabar huɗu a jere kana jan ƙafar hagu. Sau huɗu na gaji dominka."

Shekara goma sha biyun da mutumin nan yake taƙama da su a ɓoye, ashe kyauta aka yi masa, wanda ya yi masa kyautar kuwa shi ne ya kunyata a gaban jama'a. Ya tsaya a bakin rumfar, ƙato guda. Bai taɓa ɗaga guduma mai nauyin abin da yake so ya faɗa ba. Da ƙyar ya ce, "Habila, na gaji."

Telan ya ɗauke ƙafa daga keke, ya kwashe yadin da ke kan benci, ya ce, "To, zauna."

Ya zauna. Ya yi magana har inuwa ta juya, ya yi kuka, Habila ya yi masa addu'a. Washegari da safe maza uku suka yi sallama a gidansa, dukansu da furfura, suka ce sun zo su taya shi ɗaga mai jiki. Gungumen dai ba su ƙara ɗauka ba, ƙarfinsu ya riga ya wuce nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: gungumen shi ne nauyin zaman duniya, wanda Allah bai nufa mutum ya ɗauka shi kaɗai ba. Hawan dutsen tafiyarmu ce ta bangaskiya. Motsa jiki abu ne mai kyau, gama jikin nan na Ubangiji ne, ina kuma jin daɗi in na ga mazanmu sun fito da safe suna gudu tare. Amma abin da ya riƙe mutanen nan ba hawan ba ne, zaman da suke yi ne in an sauke kaya. Ranar da suka kai bisa ba su huta ba, ranar ce zumuncinsu ya fara mutuwa, shugabansu kuwa yana murna.

Maƙerin shi ne kowane ɗayanmu da yake ganin faɗar gajiya abin kunya ne ga namiji. Irin wannan ba kansa kaɗai yake cuta ba. In uba bai taɓa cewa ya kasa ba, ɗansa ma zai koyi cijewa, sa'an nan wata rana ya zame shiru, a rasa dalili. Telan kuwa shi ne ɗan'uwan da ya yarda a yi masa dariya don wani ya sami hutu, kuma a cikinsa muna ganin kamannin Ubangijinmu Yesu, wanda ya ɗauki kunyar da ba tasa ba. Ku tuna shi kansa ya zauna a bakin rijiya don gajiya, ya roƙi abokansa su yi tsaro tare da shi sa'ad da ransa yake baƙin ciki, ya kuma bari wani ya ɗaukar masa gicciye a hanya. Wane ne kai da za ka fi shi ƙarfi?

Ku 'yan'uwana maza, da ku samari masu tasowa, yau in an tashi sujada wani zai ba ka hannu ya tambaye ka gida. Kana da amsar da ka saba bayarwa. Kafin ka ba da ita, ka sani akwai wani tsaye kusa da kai, da magana a bakinsa, yana jira ya ji ko a ikilisiyar nan an yarda namiji ya gaji.