Kwal Ɗin Gida da 'Ya'yan Tabawa Uku

Ku gyara zama, ta yau ba ta dariya ba ce.

A wata ƙasa akwai garin Baƙin Dutse, wanda ke zaune a kan kwal. Manya suka rufe ramin haƙar, wai na ƙasar waje ya fi ci, tashar wutar lantarki ta koma jiran abin da jirgin ruwa zai kawo. Wata damina jirgin ya maƙale a teku, tukunyar da ake ƙona kwal a tashar ta huce, asibitoci suka shiga duhu. Sai ga manyan nan, baki har kunne, a ƙofar wata tsohuwa Tabawa, suna roƙon 'ya'yanta uku. Ta ba su, ranta bai so ba.

Babban, Shekarau, tsohon mahaƙi ne. Ya shiga ramin da aka yasar, ruwa iya ƙugu, ya buɗe hanya aka fito da kwal. Ya dawo da tari mai jini.

Na tsakiya, Barau, direban tifa ne. Gada ta karye, ya dinga ratsa kogi da kwal har tashar wutar. A hanyar dawowa motar ta kife, ta murƙushe masa ƙafa.

Autan, Tanimu, shi ke ba tukunya wuta. An ƙera ta ne don kwal ɗin waje, na gida kuwa toka gare shi, toshe ta yake yi. Ya kafe a bakin wuta yana kwashewa da shebur har zafi ya dafa masa idanu.

Wuta ta dawo. Jirgi ya iso, aka tarbe shi da kiɗa, aka sake rufe ramin, mai shigo da kwal ya sha lambar yabo. Ita kuwa Tabawa, wani ɗan jami'i aka turo mata, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Inna, dokar ita ce gida ɗaya, mutum ɗaya. Zaɓi wanda za a kai asibitin birni."

Ta ce, "Da kuka zo ɗauka, ai uku kuka ɗauka."

Ya ce shi dai mota na jira. Ta waiwaya ɗaki: ɗaya na tari, ɗaya na nishi, ɗaya na lalube yana kiran sunanta.

To jama'a, ku da kuke shan hasken nan, wane ne a cikinsu Tabawa za ta sa a mota?