Kwamfutar Hajiya Barira da Kujera Ɗaya

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau da ku za a yanke hukunci.

A Azare akwai wata tsohuwar malamar makaranta, Hajiya Barira, da ta gaji da ganin yaran garinsu na tafiya Bauchi rubuta jarrabawar kwamfuta. Ta rantse sai ta buɗe cibiya a gida, ta kuwa buɗe. Saura abu ɗaya: mai bincike daga hukumar jarrabawa zai zo ran Laraba ya kashe babbar kwamfutar ya kunna, idan ta kama intanet da kanta a ba da izini, idan ba ta kama ba sai baɗi.

Manhajar da ke kanta ba irin wadda ake saye a gama ba ce. Ɗanya take zuwa, kai za ka harhaɗa komai daga tushe, kamar mai sayen gero ya surfa, ya niƙa, ya dama. Gwanin da ya ɗora ta kuwa, Allah ya shirye shi, kullum da safe da hannu yake buga mata lambobin shiga intanet, bai taɓa rubuta su inda za ta karanta in ta tashi ba, don kada a iya yi ba shi. Ran Litinin tsawa ta ƙona katin sadarwar da ke haɗa kwamfutar da intanet, gwanin kuma ya samu aiki a Abuja ya kashe waya. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Hajiya ta tara ma'aikatanta uku ta ce, "'Ya'yana, ni dai ban iya ba, amma wallahi ba za mu kai baɗi ba."

Na farkonsu, Tukur, ya sa sabon kati, kwamfuta ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ya gano ba a haɗa manhajar da sanin irin katin ba, sai ya sake harhaɗa cikinta. Awa biyar yana zaune cikin zafin nan yana yi wa na'ura fifita da faifai, sau biyu aikin na rushewa yana sake farawa, har ta gane katin.

Hansatu mai buga takardu ce, ba wanda ya taɓa koya mata komai. Ashe wata shida tana satar kallon yatsun gwanin nan. Ta kawo lambobin nan da yake bugawa, wato adireshin kwamfutar da na ƙofar fita zuwa intanet, da ka, ba kuskuren lamba ko ɗaya.

Mudi ya rubuta lambobin a fayil ɗin da ake karantawa wajen tashi, ya sa sadarwa cikin jerin abubuwan da ke farkawa da kansu. Aka kunna, shiru. Bai karaya ba, ya bi layi-layi har ya ga sabon kati sunansa daban da na tsohon da ke rubuce a fayil ɗin. Ya gyara, ya kashe ya kunna sau tara kafin ya yarda.

Ran Laraba mai bincike ya kashe, ya kunna, ta kama. Hajiya ta yi kuka don murna. Sai ya miƙa mata takarda, ya ce suna ɗaya za a rubuta a matsayin mai kula da cibiya, kuma shi kaɗai za a tura horo. Ta riƙe biro, su ukun na tsaye suna kallonta.

To, da a hannunku biron yake, sunan wa za ku rubuta?