Kan da Aka Tono a Rijiya

An ce a garin Tsamiyar Goje an yi wani dagaci mai suna Jatau, wanda ko akuya ta yi tari sai ya ce da shi take. Wata rana Cindo mai haƙar rijiya yana yashe tsohuwar rijiyar gari, ya tono wata 'yar azurfa kamar farcen babban yatsa, ya kawo masa. Jatau ya juya ta, sai ga kan mutum da dogon hanci irin nasa sak.

Ya ce, "Sammu ne. An buga kaina an binne. Ku ɗaure Cindo, gobe ya bar garin nan."

Aka kira Baba Nomau, tsohon maƙerin azurfa, ya zo ya faɗi wanda ya ƙera ta. Ya goga ta a dutse, ya sake ta ƙasa ya saurari ƙararta. Jatau ya ga tsohon yana danne dariya, ya ce a ransa, ashe har da wannan.

Baba Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ɗaura ganye a ka?"

"Ni mahaukaci ne?"

"To mai kan nan ganye ya ɗaura, ko gemu ba shi da shi. Bari in ba ka labari. Zamanin ayari wani Buzu, Agali, ya kawo wa mahaifina irinta. Mahaifina ya ce dalma ce, ya gartsa mata haƙori. Agali ya ce, 'Sannu, ka ciji sarki. Zauna ka ji. Can ƙetaren teku an yi wani sarkin Rumawa da bai yarda da kowa ba. Ya sa aka buga kansa a azurfa, wai duk inda aka yi gulmarsa kunnen nan zai jiyo masa. Har ya mutu kunnen bai kawo masa ko kalma ɗaya ba. Mutane ba ta tasa suke ba, cizonsa kawai suke yi su ji ko azurfar ta gaske ce.' To wannan 'yar uwarta ce. Dubi rubutun gefenta, a ƙasar nan babu maƙerin da ya iya shi. Ina jin wani ɗan ayari ne ya sunkuya ɗiban ruwa ta faɗa, tun ba a haifi kakanka ba."

"To hancin fa?"

"Ranka ya daɗe, ba kai kaɗai Allah ya yi wa ba."

Jatau ya daɗe yana shafa hancinsa, sannan ya ce, "Na ji, Baba. A kwance Cindo."

Cindo ya miƙe yana murza hannu. "Ranka ya daɗe, in koma rijiyar?"

"Koma. Amma in ka sake tono wani kai, fara kai wa Nomau. In ya ce ba ni ba ne, sai ka kawo."