Turmin Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa. Sunansa Nomau, sana'arsa tufkar igiya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ko a masallaci sahun baya yake tsayawa.

Garin nan da fatake yake ci. Su sauka, su sayi igiya, su sayi fata, su ci abinci, kowa ya samu. Sai fatake suka sake hanya, suka daina biyowa. Damina kuma ta zo ba daɗi. Kasuwa ta mutu, yunwa ta shiga gida gida. Yara suka fara kumburin ciki, gashin kansu ya yi ja.

To ku saurara, ku ji abin da mutanen garin suka yi. Don kada maƙwabci ya gane, mata suka riƙa zuba ƙaiƙayi a turmi suna daka. La'asar na yi, ko'ina sai luguden taɓarya. Ka gai da mutum, "Yaya iyali?" Ya ce, "Lafiya lau." Alhali jiya ya binne ɗansa.

Ana nan sarkin ƙasar ya tashi jakada ya zaga garuruwa ya duba lafiyar talakawa, inda ya tarar da yunwa a buɗe musu rumbu. Kafin ya iso, dagacin garin ya tara magidanta. Ya ce, "Kada wani ya kunyata mu. In aka ji muna yunwa, fataken da muke jira ba za su dawo ba, 'ya'yanmu ma ba mai zuwa neman aurensu. Wanda ɗansa ya rame ya ɓoye shi a ɗaki."

Jakada ya zo ya zauna a ƙofar dagaci. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya: "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ya kasa kunne ya ji daka ta cika gari. Ya ce, "Garin da ake daka haka ba ya bukatar rumbu. In na yi salla zan wuce gaba."

Nomau yana wurin, ya ji. Ya tashi ya nufi gida. Ya tarar da matarsa Tasalla tana nata dakan, 'yarsu tana kwance a tabarma, ko ƙudan fuskarta ba ta iya korewa.

Ya ce, "Tasalla, ba ni turmin nan."

"Ka kai shi ina, maigida?"

"Gaban jakada."

Ta riƙe bakin turmi. "Asirinmu za ka tona? Da wane ido zan shiga cikin mata?"

Ya ce, "Asirin wani ba ni da ikon tonawa. Namu kaɗai ke hannuna. In mutumin nan ya tafi, yarinyar nan ba za ta ga kaka ba."

Tasalla ta dubi 'yar, ta daɗe tana dubanta. Sai ta saki turmi, ta naɗa masa gammo da hannunta.

Jama'a, ku duba. Magidanci mai furfura, da turmi a ka, yana ratsa gari. Ya iso gaban jakada ya kifar da shi. Ƙaiƙayi ya zube, ko ƙwayar gero babu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne dakan gidana. Na sauran gidaje ban leƙa ba."

Dagaci ya zabura. "Ranka ya daɗe, taɓin hankali gare shi!"

Jakada ya dubi magidanta. Ya ce, "To wani ya kawo nasa turmin in ga hatsi."

Ba wanda ya motsa. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Aka buɗe wa garin rumbu. 'Yar Nomau ta tashi, 'ya'yan wasu ma suka tashi.

Kuna zaton an gode masa? Ba a gode masa ba. Sun ci hatsin, suka sa masa suna Nomau Ƙaiƙayi, da shi aka kira shi har ya mutu. Dagaci bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa ya ci gaba da tufkarsa.

Ni ba mai dogon karatu ba ne, a fili zan faɗa muku. Rufin asiri ni'ima ce, amma kunyar da za ta kai ɗanka kabari ba kunya ba ce, girman kai ne. Garinmu yau masana'antu sun rufe, kasuwa ta kwanta, kowa ya sani. In ma'aikatan lafiya suka zo suna tambayar abin da yara ke ci, mu ce lafiya lau, su tafi. Wa muka cuta? Ku gode wa Allah a gaisuwa, amma wanda ya zo duba halinku ku gaya masa gaskiya. Kai kuma mai ɗan hali, kada ƙarar taɓaryar maƙwabci ta ishe ka. Ka dubi wuyan ɗansa. Allah Ya ba mu zuciya irin ta Nomau.