Manet ɗin Baƙo

Akwai wani mutum a garin Tawa mai suna Rashidu, ma'aikacin gwamnati ne, shekarunsa sun kusa arba'in. Ba mugu ba ne. Sai dai yana da wata cuta da da yawa daga cikinmu muke da ita muna ɓoyewa: ba ya son a fi shi, ko a wasa.

Rashidu na da tsohuwar na'urar wasan bidiyo, irin baƙar nan mai cin faifai, wadda yayansa ya kawo masa daga Abijan tun yana saurayi. Yaran yanzu in suka gan ta dariya za su yi. Shi kuwa har mayafi ya ɗinka mata.

Na'urar na da manet biyu, wato abin riƙewa a hannu mai maɓallai da doguwar waya. Ɗaya ta asali ce, mai nauyi da laushin dannawa. Ɗayar jabu ce da ya saya a kan tebur a kasuwa, maɓallin buga ƙwallonta sai an danne shi da ƙarfi kafin ya amsa.

Kun riga kun san wadda mai gida yake riƙewa, kun san wadda ake miƙa wa baƙo.

A da, duk ranar Lahadi bayan la'asar zauren Rashidu cika yake. 'Yan fadarsu su ɗora shayi, a kunna wasan ƙwallo, a yi ta ihu. Rashidu ya cinye kowa, ya miƙe yana kirarin kansa. Da kaɗan-kaɗan mutane suka gaji. Wannan ya yi aure, wancan aka yi masa canjin wurin aiki, wani kuma ya daina zuwa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Mutum ɗaya ne bai daina ba. Sunansa Illa, manomi ne daga Barmu, sun yi lakwal, wato makarantar boko, tare da Rashidu suna yara kafin Illa ya koma gona. Duk Lahadi yana kawo awaki kasuwar dabbobi, in ya tashi sai ya biyo ta zauren. Ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma na hagu, ya ɗauki jabun da kansa, ba sai an miƙa masa ba.

Shekara uku da suka wuce matar Rashidu, Latifa, ta rasu bayan gajeruwar jinya. Ba su samu haihuwa ba. Gidan ya yi masa faɗi. Ya je aiki, ya dawo, ya sayi abinci a bakin titi, ya ci shi kaɗai. A sati guda cur, dariyarsa ta ranar Lahadi ce kawai, lokacin da ya zura wa Illa ƙwallo.

Wata Lahadi bayan an gama girbin hatsi, wasu maƙwabta biyu suka leƙo shan shayi. Rashidu ya samu 'yan kallo, baki ya buɗe. Ya ci Illa sau biyu yana ta tsiya.

Kafin a fara na uku, Illa ya dube shi yana murmushi ya ce, "Rashidu, mu yi musanya ko sau guda mana. Ka ba ni wagga ta hannunka in ji yadda take."

Cikin shekaru goma sha wani abu, wannan ne karo na farko da ya roƙa.

Rashidu ya kalli maƙwabtan, ya tuntsire da dariya. "Ku ji shi hwa! Hannun da yas saba da hauya, mi yas sani da manet? Ko ta zinari anka ba ka, ɗan ƙauye kake. Ka ɓata min ita, ina za ni samun wata?"

Maƙwabtan suka yi 'yar dariyar kunya. Illa ya naɗe wayar jabun a hankali, zagaye bayan zagaye, ya ajiye ta a kan tabarma. Ya shanye shayinsa, ya ce motar Barmu za ta tashi, ya yi sallama.

Lahadi ta zagayo, Rashidu ya shimfiɗa tabarma ya ɗora shayi. Illa bai zo ba.

Ya ce a ransa, fushin ƙauye ne, zai huce. Lahadi ta biyu ma haka. Ta uku ya ɗauki waya har ya nemo lambar Illa, sai ya mayar aljihu. Shi zai fara kira? A kan me?

Sai ya koma wasa da na'ura. Wanda ya taɓa yi ya san abin da nake nufi. Ka ci ƙwallo mai kyau, ka juya ka yi wa wani gori, ka tarar ba kowa sai bango. Na'ura ba ta jin haushi, ba ta cewa a sake. Rashidu kan dafa shayi kofi biyu saboda sabo, ya sha nasa, ɗayan ya huce a wurin. Kaɗaici ya kama shi sosai, amma ko a ransa ya ƙi kiran abin da sunansa.

A Lahadi ta bakwai, manet ɗinsa ta asali ta mutu. Ya girgiza, ya hura, ya cire ya mayar, shiru. Dole ya warware wayar da Illa ya naɗe, ya riƙe jabun a karo na farko a rayuwarsa.

Minti biyar bai yi ba ya fara zagi. Maɓallin bugu ba ya amsawa sai an danna sau biyu. Ɗan wasa na tafiya hagu shi kaɗai ba wanda ya aike shi. Babban yatsansa ya yi ja. Na'urar da yake lallasawa kullum ta ci shi biyar ba ko ɗaya.

Ya zauna yana kallon abin da ke hannunsa. Da wannan Illa yake wasa? Kuma da ita yake riƙe shi ci ɗaya, ci biyu, wani lokaci har kunnen doki?

Washegari ya zuba manet biyun a leda, ya hau kabu-kabu zuwa kasuwa, wurin wani mai gyaran rediyo da tele da ake kira Malam Alƙasum, mutumin Damagaram. Ya ce sabuwa yake so, wadda ta fi kowace.

Ya nuna wata ja mai walƙiya da ke rataye. Malam Alƙasum ya girgiza kai.

"Wannan kyan ido ce kawai. Ɗauke ta ka ji. Ka ji ba nauyi? Girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji abu na kaɗawa a ciki, ajiye ta."

Ya buɗe wani kwali ya fito da wata baƙa, ta ɗan koɗe a gefe. "Tsohuwar na'ura, tsohuwar manet ta asali take so, ko da an yi amfani da ita. Dubi kaurin wayar, dubi inda ta shiga jiki, nan suke fara karyewa. Danna kowane maɓalli, ya kamata ya dawo da kansa ba ƙara. Tura sandar nan gefe ka sake ta. Ka ga ta koma tsakiya? To ita ke nan. Kuma kada ka biya sai an jona ta a na'ura ka gwada."

Rashidu ya danna, ya ji daɗinta har cikin ransa. Sai ya ce a duba masa tsohuwar tasa, ko za ta gyaru.

Malam Alƙasum ya kwance kusoshi, ya buɗe ta. Ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya jawo jabun ita ma ya buɗe. Sannan ya ɗago kai.

"Ai na san waɗannan. Aikina ne a ciki. Kai ne abokin mai awakin nan na Barmu?"

Rashidu ya ce shi ne.

"Shekara uku ke nan ya kawo mini su. Ya ce matarka ta rasu, ya karɓo su ne da sunan zai goge musu ƙura. Wannan taka robar ƙarƙashin maɓallanta ta tsage a lokacin, sati biyu ba za ta ƙara ba. Ni kuma ba ni da sabuwar roba. Sai ya ce in cire mai kyau daga tasa in sa a taka, in mayar da tsagaggiyar cikin tasa."

Ya ɗago wata 'yar roba da ɗan hantsaki, an lallaɓe ta da gam.

"Na ce masa, bawan Allah, taka fa dama gurguwa ce, yanzu za ta ƙara lalacewa. Ya ce ba komai, mutumin nan wasan nan kaɗai ya rage yana sa shi dariya, a bar shi ya yi ta ci. Ya kuma roƙe ni kada in faɗa. Na faɗa ne don na ga ka zo kai kaɗai."

Rashidu ya tuna ranar. Kwana arba'in da rasuwar Latifa, Illa ya ɗauki manet biyun ya ce sun yi datti. Ko godiya bai yi masa ba da ya dawo da su.

Ya zauna a kan bencin mai gyara, cikin hayaniyar kasuwa, kunya ta rufe shi.

Can sai ya nuna wadda ya gwada ɗazu ya ce, "Wagga baƙar, ita ta hi duka?"

"Ita ce. Sai dai guda ɗaya gare ni."

"Guda ta isa. Ba tawa ba ce."

Ranar Asabar da safe ya shiga motar Barmu, manet ɗin na cikin leda a kan cinyarsa. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa. Ya shirya ya rushe ya fi sau goma.

Ya yi sallama a ƙofar gidan Illa. Matar Illa, Hasiya, ta fito ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa da fura. Ya tambaye ta mai gidan.

"Ai Malam ya tahi bida. Yau sati ukku da sunka tashi, shi da ƙannenai. Suna Abijan."

Rashidu ya ce, "Bida? Illa da bai zuwa ko'ina?"

A ƙasar Adar kowa ya san in an gama girbi maza kan watse neman kuɗi, sai damina su dawo. Rashidu bai taɓa tambayar kansa abin da ya sa Illa ba ya bin su ba.

Hasiya ta ce, "Da can shina zuwa. Tun rasuwar Latifa yad daina. Kowace shekara 'yan uwanai su matsa mai, shi ce yana da mutum Tawa wanda ba shi da kowa, in yat tahi wa za shi leƙa shi? Har hwaɗa munka yi bisa haka, don awakin ba su riƙe gida. Bana ko, da kainai yac ce a yanka mai tikiti."

Ba da gori ta faɗa ba, ba ta ma san abin da ya faru a zauren ba. Wannan ne ya fi yi wa Rashidu ciwo.

Ya karɓi sabuwar lambar Illa. A gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha ya tsaya, ya yi masa saƙon murya. Duk jawabin da ya shirya ya gudu. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Illa, ni na. Na tai wurin Malam Alƙasum, ya hwaɗa min komi. Na riƙa manet ɗinka, na ji. Ka yahe min don Allah."

Kwana ɗaya, ba amsa. Kwana biyu, ba amsa. Rashidu na ofis yana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

A rana ta biyar saƙo ya shigo. Ana jin ƙarar motoci a bayan muryar Illa.

"Rashidu, na ji saƙonka. Ya wuce, Allah shi yahe muna baki ɗai. Ni dama ba ci nika zuwa nema ba. Amma na riga na kama aiki nan, ban iya barin shi sai ruwa sun sauka. In da rai muna haɗuwa." Ya ɗan yi dariya. "Kahin nan ka yi ta koyo da gurguwar. Maɓallin bugu, ta gehen dama aka danna shi."

Rashidu ya saurari saƙon har ya haddace shi.

Yafiya ta samu, amma wata shida ba ya dawowa don an ce yi haƙuri. Har yanzu da nake ba ku labarin nan ruwa bai sauka ba. Duk Lahadi bayan la'asar Rashidu na shimfiɗa tabarma a zaure, ya kunna tsohuwar na'urarsa, ya ɗauki gurguwar manet. Na'ura na cin sa, yatsansa ya yi kanta. Tasa ta asali an gyara ta, amma ya sa ta a akwati.

Sabuwar kuwa tana gefen hagu na tabarma, cikin ledarta, wayarta a naɗe. Wani maƙwabci ya taɓa miƙa hannu zai ɗauka, Rashidu ya ce masa a bar ta, tana da mai ita.

Darasi: In ka ga kullum kai ne ke ci, tsaya ka dubi abin da ke hannun wanda ke zaune kusa da kai. Wataƙila ba gwaninta ce ta ɗaga ka ba, wani ne ya karɓi gurguwar don kai ka yi dariya. Mai yi maka irin wannan haƙuri ba ya yawan magana, kuma ranar da kalma ɗaya ta kore shi, ba lallai ka same shi inda ka bar shi ba. Ka ba baƙonka mai kyau tun yana zaune. Ku tura wa abokanku wannan labari, musamman wanda kuka daɗe kuna jira ya fara kiran ku.