Robar Ruwan Pak Warsita

Akwai wani masaƙin kujerun kara a ƙauyenmu da ke gefen Cirebon a ƙasar Indonesiya, ana ce masa Pak Warsita. Ya iya aiki, ba mai gardama a kan wannan. Sai dai irin mutumin nan ne da in ka ce masa gari ya waye, zai ce ai shi ya riga ka gani.

Karan rotan da ake saƙa kujerun da shi ba ya haske sai an shafe shi da haidurojin feroksaid. Ba mai sauƙin nan na kemis da ake wanke ciwo da shi ba, mai ƙarfin da ake sayowa a jarka. Garau yake, ido ba ya bambanta shi da ruwan sha.

Jarkar na da nauyi, shi kuma ba ya son kai-kawo. Sai ya riƙa tsiyaya shi a robar ruwan sha yana ajiyewa kusa da shi. Safar hannu kuwa, a wurinsa ta ragwaye ce. In yatsunsa suka yi fari fat suna zugi, ɗaga su yake yana dariya.

Yayansa, Kang Sudira, ya yi magana har ya gaji.

"War, mayar da abin nan jarkarsa. In ka ƙi, ko alama ka sa wa robar."

"Kang, tun kana tallar tempe, wainar waken suyan nan, nake wannan sana'ar. Yau kuma kai ne malamina?"

Matarsa Bu Rukmini ce ke goge karan da samfefa. Wata rana da hantsi baƙo ya zo ganin kujeru. Pak Warsita ya miƙe da rawar jiki, ya dangwarar da robar a bencin da take aiki, ya fita.

Garin kara ya faɗa mata a ido. Idonta a rufe ta laluba, hannunta ya ci karo da roba, ta ɗaga kai ta kwarara a idanunta.

Har yau ban manta ihun nan ba.

Kang Sudira ne ya ja ta bakin rijiya, ya yi ta sheƙa mata ruwa ba tsayawa har aka samo mota. Likita ya ce wannan wankin ne ya ceto ɗan abin da ya rage a idon hagu, inuwa-inuwa kawai. Na dama ya tafi.

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Mutumin da bakinsa ba ya shiru ya koma kamar an ɗinke shi. Na daɗe ina jin haushinsa, amma wallahi daga baya tausayi ya ba ni.

Bara aka aurar da 'yarsu Sekar. Da aka fito da amarya cikin ado, furanni na reto a gashinta, mata suka hau yabo. Bu Rukmini ta laluba ta kamo hannun rigar mijinta.

"Mas, maigidana, gaya mini. Ta yi kyau?"



Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan fara da na kusa da shi. Kada ka taɓa zuba sinadari a robar abin sha, kuma in aka yi maka gyara ka saurara. In ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila idon wani ya tsira.