Mutumin da Ya Cike Kududdufi da Juji

Akwai wani mutum a wani gari, ɗan magini, jikan magini. Da ubansa ya rasu, abin da ya bar masa shi ne cokalin gini, da tsohon gidan ƙasa, da uwarsa. Shi ne ɗan fari, saboda haka uwar ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa ce masa ɗana a gaban mutane ba. In za ta kira shi, sai ta ce, "Kai wannan." Kunya ce irin ta iyayenmu, ba rashin ƙauna ba.

Mutumin nan yana da hannu, amma burinsa ya fi hannunsa tsawo. Ya gaji da gina wa wasu gida yana komawa ɗakin ƙasa. Sai ya sayi fegi a bakin gari, ya gina, ya sayar. Ya sayi wani, ya gina, ya sayar. Aikinsa na fari mai kyau ne, babu algus. Kafin a jima sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Gidaje. In ya shigo majami'a ran Lahadi, har dattawa kan gyara zama.

Ana nan, sai filaye suka ƙare a cikin gari. Abin da ya rage sai kududdufi, wato babban ramin da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Da damina ruwan unguwanni duk nan yake taruwa, kwaɗi su yi ta kuka. Kowa ya wuce wurin ruwa yake gani, shi kuwa Mai Gidaje layin gidaje yake gani masu jan kwano. Ya bi ta inda ake bi, aka ba shi wurin.

To, ya san yadda ake cike rami, domin ubansa ya koya masa. Marmara ake zubawa, a daddaɓe, a bari damina ta bi ta kai, wata daminar ma ta bi, har ƙasa ta zauna. Wannan aiki ne mai tsada, mai kuma bukatar haƙuri, shi kuwa ba shi da haƙurin. Sai ya ce a ransa, "Ga juji nan tsibi-tsibi a kowace unguwa, ba mai so. Rami ai rami ne, ba ya tambayar abin da aka zuba masa."

Ya kewaye kududdufin da kwano. Ya sa aka yi shela cewa zai kwashe wa gari juji kyauta, zai kai gonarsa ya yi taki. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Tifa takan ɗauki juji ta fita bayan gari kamar gona za ta, a can a lulluɓe saman da jar ƙasa, ta juyo ta shige bayan kwano. Mai kallo a bakin hanya marmara yake gani. Haka aka yi har ramin ya cika, aka shimfiɗa jar ƙasa a sama, aka aza bulo, aka yi yaɓe, aka shafa fenti. A ƙofar unguwar ya kafa allo mai sunansa.

Amma masu saye suka riƙa ja da baya. Wani tela mai suna Habila, wanda ya daɗe yana neman inda zai sa iyalinsa, ya zo ya zagaya, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan fa muka yi iyo muna yara. Anya zai riƙe gini?"

Maganar ta bazu. Mai Gidaje ya ga kasuwa za ta mutu a hannunsa, sai ya yi abin da ya fi jujin muni. Ya je ya ɗauko uwarsa daga tsohon gida, ya sa ta a gidan da ke tsakiyar unguwar, daidai inda ramin ya fi zurfi. Tsohuwa ta shafa bango, ta yi hawaye don murna. Mutane kuwa suka ce, "Wanda ya sa mahaifiyarsa a ciki ai ba zai cuce mu ba." Habila ne ya fara saye, ya zama maƙwabcinta. Kafin damina ta faɗi, babu gidan da ba hayaƙi.

Daga ran nan mutumin bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Juji yana ruɓewa, in ya ruɓe kuma sai ya lotsa, wannan ko yaron magini ya sani. Daminar fari, ƙyauren ɗakin Habila ya ƙi rufuwa. Mai Gidaje ya aiko kafinta ya fere shi, ya ce katako ne ya sha sanyi. Bayan haka tsaga ta fito a bangon wata gwauruwa, siririya kamar zare. Ya zo da kansa, ya yi dariya, ya ce, "Fenti ne kawai ya dare. Sabon gini haka yake." Ya sa aka toshe, aka sake shafe. Ya faɗi maganar nan sau da yawa, har mutanen unguwa suka haddace ta.

Su sun yarda, shi ne bai yarda ba. In hadari ya haɗu a gabas, manoma na murna, shi yana fargaba. Abinci ya daina yi masa daɗi. A majami'a ana waƙa, shi kunnensa na kan kwano, yana sauraron ko yayyafi ya fara. In ya je gaida uwarsa, bakinsa na gaisuwa, idonsa na bin kusurwar ɗaki. Rannan yana zaune a tsakar gidanta ya ji kukan kwaɗo, ya duba ko'ina bai ga kwaɗon ba. Daga ƙarƙashin daɓe kukan yake fitowa.

Sai ya ce mata, "Inna, na gama wani gida a kan tudu, ya fi wannan iska. Ki shirya gobe in mai da ke."

Ta ce, "Su Habila fa?"

"Su suna nan. Ke kaɗai."

Tsohuwa ta dube shi, ta ce, "Kai wannan, in gidan nan lafiya yake, bar ni cikin maƙwabtana. In kuwa ba lafiya ba, faɗa mini, mu tashi gaba ɗaya. Wanne ne?"

Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro. Ya tuna allon da ke ƙofar unguwa, ya tuna yadda dattawa ke gyara zama. Ya haɗiye ta, ya ce, "Lafiya lau yake, Inna."

Ta ce, "To, ina nan."

Ya fita, ya yi wa kansa alkawari cewa da rani zai san dabarar da zai yi. Amma tsakaninsa da rani akwai marka.

Marka ta zo, ruwa ya kwana ya wuni bai ɗauke ba. Ruwan unguwanni ya biyo tsohuwar hanyarsa yana neman kududdufi, gama shi ba a gaya masa an sayar da wurin ba. Da rana tsaka mutumin ya kasa zama, ya ratso ruwa ya zo gidan uwarsa. Ya same ta a kan gado, tana kallon daɓe. Daɓen ya dare, baƙin ruwa mai ɗoyi na ɓulɓulowa, ga wani tsohon takalmi ya leƙo ta cikin tsagar.

Ya ce, "Inna, taso in goya ki."

Ta ce, "Akwai yara a gidajen nan. Sai sun fita zan fita."

Ya ruga gidan Habila, ya buga ƙofa, ya ce su fito yanzu. Habila ya leƙo, ya ce, "Cikin ruwan nan, ranka ya daɗe? In don tsagar bango ce, ai fenti ne." Ya je gidan gwauruwa, ta ce, "Sabon gini haka yake, kai ka faɗa. Ga Inna ma tana ciki." Ƙofa bayan ƙofa, maganarsa ake mayar masa. Ƙaryar da ya gina ta fi gidajen ƙarfi, ta tsaya tsakaninsa da ran uwarsa.

Sai ya tsaya a tsakiyar layi, ruwa na dukansa, ya ɗaga murya. "Ba fenti ba ne. Babu marmara a ƙarƙashinku, juji ne. Jujin da na ce na kai gona, nan na zuba shi. Na sani tun farko, na kuma sa uwata a ciki don ku yarda. Ku fito da 'ya'yanku!"

Wannan karon suka ji. Aka fito da yara a kafaɗa, da tsofaffi a baya, aka haura kan tudu. Shi ya goyo uwarsa a ƙarshe. Ba su daɗe da hawa ba gidan tsakiya ya durƙusa, na Habila ya bi shi, sauran suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma kududdufi ya koma kududdufi, allon mai sunansa na yawo a kan ruwa. Ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Amma mutanen sun rasa muhallinsu, ransu kuwa ya ɓaci ƙwarai. Matasa suka yo kansa da sanduna. Bai gudu ba, ya durƙusa cikin laka ya sunkuyar da kai. Sai tsohuwar nan, wadda ya yi jingina da ranta, ta dogara sanda ta shiga tsakani. Ta ce, "Ya cuce ku, ni ma ya cuce ni. Duk abin da ya mallaka a sayar a ba ku, zai kuma amsa a gaban hukuma. Amma kada wanda ya taɓa shi. Ɗana ne."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Lokacin da yake Mai Gidaje bai ji ta ba, sai yau da ba shi da ko ɗaki. Ya kifa fuska a ƙafafunta, ya yi kuka kamar yaro.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kududdufin nan shi ne ramin da ke cikin zuciyar kowane ɗayanmu, wanda ba abin da ke cika shi sai gaskiya da tsoron Allah, su kuwa a hankali suke zama. Juji shi ne zunubin da muke zubawa don mun ƙosa, mu lulluɓe shi da jar ƙasa ta zuwa sujada da kyakkyawar gaisuwa. Fenti kuwa uzurin da muke bayarwa ne duk lokacin da tsaga ta fito. Ku lura, mutumin nan bai ji daɗin ƙaryarsa ko damina ɗaya ba. Ku kuma lura da wanda ya kwana a kan ramin. Abin da ka binne a ɓoye, waɗanda ka fi ƙauna ne ke kwana a kansa, matarka, da 'ya'yanka, da duk wanda ya amince da kai saboda sunan Yesu da kake ɗauke da shi.

Ku yara, tun ran gini tun ran zane. Ƙaramar ƙaryar da kuka yi wa iyayenku a makon nan tifa ɗaya ce ta juji. Ku manya kuma, na san akwai wanda ke zaune a nan kunnensa na kan kwano. Furta laifi zai ci maka suna, ba zan ruɗe ka ba, wataƙila ya ci fiye da suna. Amma Ubanmu na sama ba allon da ke ƙofar unguwarka yake jira ya gani ba. Yana jiran ka durƙusa ka faɗi abin da ke ƙarƙashi, a nan ne zai shiga tsakani ya ce kai ɗansa ne. Kada ka ce sai rani, ɗan'uwa. Hadari ya riga ya haɗu.